Jilali da Mutumin Tanja

Duk wanda ya taɓa shiga layinmu a kasuwar kayan lantarki ta Kasablanka ya san Si Jilali, wato Malam Jilali a bakinmu. Ko bai gan shi ba ya ji shi, don muryarsa tana riga shi isa ko'ina. Shagonsa ne na kusurwa, mai ƙofa biyu, wanda duk mai shigowa kasuwa sai ya bi ta gabansa. Nawa ne ke manne da nasa, ina sayar da rigunan waya da caja, saboda haka ni Milud ba labari aka ba ni ba, a kunnena aka yi komai. Shekara da shekaru ina shan surutun mutumin nan, alhali ban yi wa kowa laifi ba.

Shagon gado ne daga mahaifinsu. Da tsohon ya rasu, yayar Jilali, Lalla Mbarka, ita ta sayi rabon sauran 'yan'uwa, sai nata kason ya fi nasa nesa ba kusa ba, amma ta bar masa makulli saboda ƙaninta ne. Ba abin da bai sayar a shagon nan ba. Ya yi kwanon tauraron ɗan'adam, ya yi agogon da ke kiran salla ba a kan lokaci ba, ya yi wata fankar da in ka kunna sai ta riƙa tafiya da kanta. Kowanne sai ya ce shi ne zai kai shi Dubai, kuma kowanne a ƙarƙashin kanta yake ƙarewa. Da Lalla Mbarka ta gaji, sai ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar shagon ta ce masa zuwa babbar salla, in bai nuna mata sana'a ta gaskiya ba, za ta karɓi makulli ta ba mijinta ya riƙa gasa kifi a wurin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk layin mun san in ta yi magana a hankali to magana ta ƙare.

Da wani mutum ne, da sai ya shiga taitayinsa. Jilali kuwa washegari ya shigo wurin mai shayi yana kaɗa waya a sama, wai ya gano hanya. Ya ce ya gani da idonsa a waya, na'urar gem, irin wadda ake jona wa talabijin yara su yi ta buga ƙwallo har su manta da abinci, ana sayen ta kamar hauka a duk duniya. Ya ce kasuwarta girma take yi kullum, kuma mu muna nan muna barci.

Haj Larbi na zaune a kusurwa. Shi ne amin ɗinmu, wato dattijon da 'yan kasuwa suka zaɓa yana raba mana rigima. Ya zuba shayinsa daga sama, ya jira kumfa ya kwanta, sannan ya ce ciniki daban, girman kasuwa daban. Ya ce yaran yanzu duk sun koma waya, na'urorin da ke kasuwarmu kuwa daga wannan shago zuwa wancan suke zagaye.

"Jilali, ɗana, na'urar da ta tashi daga shagona ta koma naka ba sayar da ita aka yi ba, yawo ta je. Sai ranar da ta shiga gidan wani, yaro ya jona ta, uwarsa ta fara faɗa, to ranar aka yi ciniki."

"Haj, da girmanka da komai, amma kai a zamanin rediyo mai batir ka tsaya. Kaya ya fita, kuɗi ya shigo, me ya rage? Sai na bi na'ura har gida na gaishe ta?"

Aka yi dariya, wasu suka goyi bayan Haj, wasu suka zuga Jilali don dai kada wasan ya ƙare da wuri. Shi kuwa da ya ji ana zuga shi sai ya miƙe tsaye, ya rantse kafin salla duk wanda ke neman na'urar gem a kasuwar nan sai ya zo ya durƙusa a shagon kusurwa. Ya fita bai biya kuɗin shayi ba, ni na biya.

Dabararsa ita ce ya saye duk wata na'urar gem da ke kasuwar, ya zama shi kaɗai ke da ita, sannan ya yanka farashin da ya ga dama. Ya sayar da 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, ya karyar da tarkacen shagon, ya bi shago-shago ya kwashe abin da ya samu. 'Yan kasuwa suka sayar masa da murna, don wasu na'urorin sun yi shekara suna shan ƙura. Amma shi bai yarda ya kwashe duka ba. Ya ce ya san halinmu, mun ɓoye sauran a sito, muna jira ya tsawwala farashi mu fito da su. Kuma in ya je da kansa za a ga fuskarsa a ƙara masa kuɗi.

Sai ya aika ƙauyensu can Dukkala aka turo masa ɗan kawunsu, Bujema. Bujema magidanci ne, ya haura arba'in, noman kankana ya iya, kuma in ka ce masa ya tsaya a nan to ko ruwa ake da ƙanƙara a nan za ka same shi. Ba wanda ya san shi a kasuwa sai ni, da na taɓa ganinsa a wani biki. Jilali ya ba shi doka. Kullum da safe zai ba shi kuɗi, ya shiga kasuwa ya bi shaguna yana tambayar na'urar gem, duk wadda aka fito masa da ita ya saya, da yamma ya kai gida. Kada ya kuskura ya zo kusa da shagon kusurwa. Kada ya faɗi garinsu. In kuwa ya hango Jilali a hanya, ya kauce kamar bai taɓa ganinsa ba.

Abu ɗaya Jilali ya manta, kuma abin haushin shi ne a cikinsa aka haife shi. A kasuwarmu ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ko jirgin sama ka tambaye shi, zai ce maka yana sito, zauna ga kujera. Sai ya sa a kawo maka shayi, ya fita ta ƙofar baya, ya je wurin maƙwabcin da ke da kayan ya saya, ya ɗora ribarsa, ya dawo yana haki yana ce maka siton na da nisa. Haka kakanninmu suka yi, haka muke yi. Jilali da kansa ya yi wa mutane haka ya fi a ƙirga.

To ga Bujema ya shiga shagon farko ya ce yana son na'urar gem. Mai shagon, wani Kaddur, ba shi da ko ɗaya, tunda Jilali ya kwashe. Ya ce tana sito. Ya zaunar da baƙo, ya fita ta baya, sai ina? Sai shagon Jilali. Ya saya, ya koma, ya ɗora nasa, ya sayar wa Bujema. Bujema ya ce a ƙaro biyu. Kaddur ya sake komawa a guje.

Ranar Jilali ya leƙo shagona fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce in zo in ga ikon Allah, Kaddur da ke masa dariya jiya, yau sau uku yana zuwa yana roƙo. Ya ce ai ya faɗa. Nan take ya ƙara farashi.

Da yamma Bujema ya kai kaya gida, ya ce masa akwai na'ura a kasuwa, kowane shago akwai ta a sito, sai dai tana tsada, ta safe ma ba kuɗinsu ɗaya da ta rana ba. Jilali ya buga cinya ya ce ka ji munafukai, ashe da gaske ɓoyewa suka yi. Ya ce kuma tsadar ita ce shaidar kasuwa na girma. Ya tattara cinikin ranar duka, ya ƙara da na aljihunsa, ya ce gobe Bujema ya sayo fiye da haka kafin ta ƙara tashi. Da safe ya loda kwalayen a kura ya kawo shago. Kwalayen duk iri ɗaya ne, ba kwalin da ya gaishe shi ya ce jiya ma a nan na kwana.

Kafin mako ya zagayo abin ya zama sana'a. Wanda Bujema ya shiga shagonsa in yana jin nauyin zuwa wurin Jilali sau da yawa, sai ya je wurin maƙwabci. Maƙwabcin ma ya ce tana sito, ya fita ta tasa ƙofar bayan ya je wurin na uku, na ukun ne zai isa kusurwa. Kowa ya ɗora nasa. Baƙo ɗaya ke zaune yana shan shayi, amma lungun baya cike yake da mutane suna gudu da kwali a ka. Jilali ya sa kujera a ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sa su layi. Har wanzamin layinmu, wanda bai san inda ake kunna na'urar ba, na ga ya bar mutum da kumfa a fuska ya zo sayen guda.

Jilali ya tambayi Kaddur wai su wa ke sayen kayan nan haka. Kaddur, don kada a ƙwace masa mai saye, sai ya ce wani babban mutum ne daga birnin Tanja, mai kwat da baƙin tabarau, ba ya taya kaya. Wanzami ya ƙara da cewa ya ji an ce yana da sito a bakin teku. Kafin la'asar siton ya zama jirgin ruwa, kafin magariba jiragen sun zama uku, kuma ana cewa har Sifen yake kai kaya. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Kasuwa ce, kowa ya karɓi labari sai ya ɗora ribarsa.

Maimakon Jilali ya ji daɗi, sai kishi ya kama shi. Wane ne wannan da zai shigo kasuwarsa yana kwashe kaya? Ya ce wa Bujema akwai wani hamshaƙi daga Tanja mai jirage, yana neman riga su, saboda haka duk abin da aka yanka masa ya biya kada ya tsaya ciniki. Bujema ya ce shi bai taɓa cin karo da shi ba, amma in Allah ya yarda ba zai bar masa ko ɗaya ba. Aka sayar da firijin gida a satin nan, matar Jilali ta kwashe yara ta tafi gidansu ta ce in hankalinsa ya dawo a aiko mata.

Ni yadda aka yi na gane, wata yamma na tashi shago ina tafiya tashar bas, sai na ga wani mutum a bayan masallaci yana tuɓe kwat. Ya ninke ta a hankali, ya cire tabarau, ya sa su a leda, ya zura tsohuwar jallabiya. Ga kura a gefensa cike da kwalaye. Na matsa na duba, sai ga Bujema. Na ce masa kai, ina ka samo wannan? Ya kama hannuna ya ce don Allah kada in faɗa wa Si Jilali. Wai ranar farko da ya shigo da jallabiya an yi ta raina shi, sai ya je 'yan gwanjo ya sayi kwat da kuɗin abincinsa, kuma yana tsoro a yi masa faɗa. Na ce in an tambaye ka garinku fa? Ya ce an hana shi faɗa, sai yake cewa Tanja, don ya taɓa ganin sunan a jikin bas. Ya ƙara da cewa abin mamaki, ashe akwai wani ɗan Tanja na gaske a kasuwar, mai jirage, shi suke ta fafatawa da shi.

Wallahi sai da na zauna a bakin titi. Dariya ta zo mini, tausayi ya biyo bayanta, don na san shagon kusurwa ne ke zirarewa ta lungun baya kwali-kwali.

Da sassafe na tare Jilali kafin ya buɗe. Na ce masa ɗan'uwa, zo ka ji, kayanka kake saye. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce ya san za a rina, tun da ya fara samu ya ga idona ya canja. Ya ce mai sayar da rigar waya ba zai gane babbar harka ba, in ina so ya ɗauke ni aiki in riƙa share masa shago. Na haɗiye zagin, na ce masa a fili mutumin Tanja Bujema ne.

Ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. "Bujema? Bujema da bai taɓa ganin teku ba sai a kalanda? Milud, in hassada za ka yi, yi mai kan gado."

Da yamma kuma, don ya ƙara kunyata ni, sai ya tambayi Bujema ko yana da jirgin ruwa. Bujema ya rantse da Allah ko kwale-kwale ba shi da shi. Washegari Jilali ya zo ya tsaya a ƙofata ya ce ya yi bincike, magana ta ƙare, in nemi gafara.

Raina ya ɓaci, na tafi wurin Haj Larbi na zayyana masa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi ma zai yi masa magana, ya kuwa yi, Jilali ya ce masa ai dole tsoho ya ji zafi tunda an kayar da shi a muhawara. Daga nan labari ya bazu. Kuna tsammanin da 'yan kasuwa suka ji sai suka daina? Ina. Sai ma suka ƙara wa Bujema girma. Kujerarsa ta koma mai laushi, shayinsa aka fara haɗa masa da cincin mai gyaɗar almon, Kaddur har fifita yake masa. Na ce musu ku ji tsoron Allah, suka ce su ba su yi wa kowa ƙarya ba, an tambaye su kaya sun kawo.

Jilali kuma ya ƙudura sai ya ga abokin hamayyarsa ido da ido. Wata rana da hantsi ya bar ni da gadin shago ya shiga cikin kasuwa. Can a layin masu talabijin ya hango mutum da kwat da baƙin tabarau yana fitowa daga wani shago. Ya ɗaga hannu ya ce malam, tsaya. Bujema kuwa da ya waiga ya ga Jilali, sai ya tuna doka: in ka hango ni ka kauce. Ga kuma kwat a jikinsa. Ai sai ya ranta a na kare.

Jilali ya bi shi. Lungunan kasuwarmu mutum biyu ba sa jerawa, ga wayoyin lantarki a ƙasa kamar taliya. Bujema, da ya saba bin akuya a gona, ya tsallake teburin mai lemo lafiya lau. Jilali ya zo ya tafi da teburin gaba ɗaya, lemo ya watsu yana gangara, mutum uku suka zame a kai. Ya tashi ya ci gaba. A kwana ta biyu ƙafarsa ta sarƙe da wata waya, talabijin ɗin layin duka suka mutu, ana tsakiyar kallon ƙwallo. A kwana ta uku ya yi karo da tukunyar mai romon katantanwa. Allah ya taimake shi ta huce, amma haka ya dawo shago, romo na ɗiga daga jallabiya, katantanwa biyu a cikin hularta, mai lemo da mai romo na biye da shi suna tsine masa.

Na ɗauka ranar zai yi laushi. Sai ya zauna yana haki yana murmushi, ya ce in duba in gani, mai jirage uku ya hango shi ya gudu. Ya ce a duk Kasablanka akwai ɗan kasuwar da attajirin Tanja ke tsoro in ba shi ba?

Salla ta ƙarato, raguna sun cika gari, Lalla Mbarka ta aiko cewa ranar Juma'a za ta zo ta ga sana'a. Jilali ya ce ba ita kaɗai za ta gani ba, duk kasuwa za ta gani. Ya sayar da kafet ɗin falonsa ya sa aka dafa kuskus na Juma'a manyan akusa, da nama da kabewa har suna zuba, ya shimfiɗa tabarmi a gaban shagon bayan an sauko daga masallaci. Ya jera kwalayen gem tun daga ƙasa har rufi. Sannan ya kira Kaddur ya ce lallai a kawo masa mutumin Tanja, a ce masa ana gayyatarsa cin abinci, don yana so a gaban yayarsa da Haj Larbi mutumin ya faɗa da bakinsa yara nawa ke jiran kayan nan a Tanja da Sifen. Kaddur ya ce an gama. Na ga yadda ya ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Na sake jan Jilali gefe na ce don darajar mahaifinka ka fasa. Ya ce in ba zan iya kallon nasararsa ba in rufe shago in tafi gida. To, na nemi wuri kusa da akushi na zauna.

Ba a taɓa cika a layinmu kamar ranar ba. Har masu gyaran kwamfuta da ba sa barin kujerarsu sun fito. Lalla Mbarka ta zo da mijinta, aka ba ta kujera, ta ɗora jaka a cinya ba ta taɓa abinci ba. Jilali ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce tun da aka kafa kasuwar nan ba a taɓa sayar da na'urar gem kamar yadda ya sayar a 'yan makonnin nan ba, ya kira 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya su shaida, kowa ya ce gaskiya ne. Gaskiyar ce kuwa. Ya juya wajen Haj Larbi ya ce yanzu sai a faɗa masa, kasuwa ta girma ko ba ta girma ba? Haj ya ce a bari baƙo ya iso.

Sai ga Kaddur da wanzami sun riƙo mutumin Tanja, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don tun da ya gane inda aka nufa da shi yake neman zillewa. Mutane suka dare. Jilali ya buɗe hannu biyu ya ce marhaban da babban baƙo, yau dai gudu ya ƙare. Baƙon ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Sai idonsa ya faɗa kan Lalla Mbarka. Duk dokar da aka ba shi ba a ce kada ya gaida babba ba, kuma mutumin Dukkala ba ya ganin yayarsa ya wuce. Ya fizge hannunsa, ya je ya sunkuya ya sumbaci kanta.

"Lalla, ina wuni? Ya yara? Inna ta ce in na gan ki in gaishe ki."

Ta sa yatsa biyu ta zare masa tabarau. "Bujema, wa ya mutu ya bar maka kwat?"

Wanzami ne ya fara dariya, daga nan layin duka ya ɗauka. Kaddur ya kwanta a tabarma. Jilali kuwa hannuwansa na nan a buɗe kamar yadda ya buɗe su, ya manta ya sauke. Da ƙyar ya ce wannan kuskure ne, an kawo masa wani daban, shi mai jirage yake nufi. Bujema ya ce shi ma wallahi ya so ya gan shi, kullum yana nemansa. Dariya ta sake ɓarkewa.

Lalla Mbarka ba ta yi dariya ba. Ta tambayi Bujema wa ke ba shi kuɗi, ya nuna Jilali. Ta tambaye shi ina yake kai kaya, ya ce gidan Si Jilali. Ta juya ta tambayi Kaddur shi a ina yake samo abin da yake sayar wa Bujema, ya share hawaye ya nuna shagon kusurwa. Ta tambayi sauran ko akwai wanda ya sayar wa wani mutum daban, kowa ya shiga kallon akushi.

Jilali bai ba da kai ba tukuna. Ya ce to ko da hakan ne, ai ciniki ciniki ne, an saya an sayar, farashi ya tashi, kowa ya shaida. Haj Larbi ya ce tabbas an samu ci gaba, Kaddur ya sayi rago, wanzami ya sayi rago, har mai shayi ya ƙaro kujeru, Allah ya saka wa Jilali da alheri, mutum ɗaya ya yi wa layi guda layya. Jilali ya ce ai ga kaya nan har rufi, dukiya ce. Haj ya ce dukiya ce, in an samu wani ɗan kawun.

Lalla Mbarka ta miƙe, ta miƙa hannu, tafinta a sama.  Jilali ya fara magana, wai ta ba shi zuwa bayan salla, yana da wata dabara da ta fi wannan. Hannun bai motsa ba. Ya dubi Haj, Haj ya dubi shayinsa. Ya dube ni, ni kuma me zan ce masa? Ya laluba aljihu ya fito da makullin, ya daɗe yana juya shi, sannan ya ɗora mata. Ta sa a jaka ta ja zif. Mijinta kuwa tuni ya shiga ciki yana auna bango da taku, yana neman inda zai kafa murhu.

Abinci dai abinci ne, mutane suka zauna suka ci. Bujema ya naɗe hannun kwat ya fi kowa loma. Jilali ya samu wani kwali ya zauna a bakin ƙofa, an miƙa masa cokali ya riƙe bai kai baki ba.

Ana cikin haka sai ga wani mutum ya shigo layin, riƙe da hannun 'yarsa. Ba mu san shi ba, ba ɗan kawun kowa ba ne. Yarinyar ta hango kwalayen ta ja shi, ya tsaya ya ce ta ci jarrabawa, ya yi mata alkawarin na'urar gem. Ya dubi mutumin da ke zaune a ƙofa ya tambaye shi ina mai shagon nan.

Duk muka daina tauna. Na san Jilali tun muna samari, ban taɓa ganin an yi masa tambaya ya rasa jawabi mai tsawo ba, kuma duk haushinsa da nake ji sai na ji ya ba ni tausayi.  Sannan ya ɗaga cokalin ya nuna yayarsa.

"Ga ta can," in ji shi.